Malfa da Jan Rawani: Yadda Ilimi Ya Fita Ƙofofin Sakkwato Ya Isa Karkara

Ƙofar Taramniya ɗaya ce daga cikin ƙofofi takwas na tsohuwar ganuwar Sakkwato. 'Yan'uwanta su ne Ƙofar Marke, Ƙofar Rini, Ƙofar Kade, Ƙofar Kware, Ƙofar Dundaye, Ƙofar Atiku da Ƙofar Aliyu Jeɗo. Ganuwar da Muhammadu Bello ya soma ginawa a 1809 ta daɗe da zubewa, gari ya haɗiye gurbinta, sai sunaye suka rage a bakin 'yan kabu-kabu da masu kwatancen gida. Taramniya sunan itace ne na daji, kamar yadda marke yake, kuma sunan yana tuna wa mai wucewa cewa akwai zamanin da in mutum ya fita nan, babu abin da ke gabansa sai gonaki, da daji, da hanyoyin ƙafa masu zuwa ƙauyuka.

Ta irin waɗannan hanyoyi ne, tun daga wajejen shekarun 1830, wasu ayarori ke shigowa birni idan damina ta ɗauke, an gama girbi, an cika rumbuna. Ayarin mata ne zalla: dattawa da suka gama haihuwa, da 'yan mata waɗanda ba su isa aure ba. A kawunansu akwai ƙorai na hatsi da zuma da man shanu da zare. A gabansu wata dattijuwa ce sanye da malfa, an naɗe ta da jan ƙyalle. Suna tafe suna rera waƙa, sun nufi gidan Waziri Giɗaɗo, wurin matarsa Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Su ne ake kira 'Yan Taru, shugabarsu kuwa jaji.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan Asma'u a matsayin marubuciya da waliyyiya. Abin da bai cika samun kulawa ba shi ne dabararta ta tsara makaranta. Ta fuskanci tambayar da har yau take gagarar ma'aikatun ilimi daga Sakkwato har Damagaram: yaya za a ilimantar da mutumin karkara ba tare da an tumɓuke shi daga harshensa da sana'arsa da lokutan rayuwarsa ba? Amsar da ta bayar ta yi aiki fiye da ƙarni guda, babu kasafin kuɗi, babu ginin aji ko ɗaya.

Matsalar da nasara ta haifar

Batun karantar da mata ya girmi jihadi. Tun Shehu yana yawon wa'azi a ƙasashen Zamfara da Gobir mata ke halartar majalisinsa, kuma an soke shi a kan haka. A wajejen 1786, a Daura, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya aiko masa da baitoci yana zarginsa da cakuɗa maza da mata. Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya mayar da amsa, amsar kuwa ta tsaya a kan hujja guda, cewa barin mata cikin jahilcin addininsu ya fi fitowarsu wurin wa'azi muni. A littafinsa Nurul Albab Shehu ya ƙara matsa lamba, ya zargi malaman da ke tara almajirai a zaure alhali matansu da 'ya'yansu mata suna cikin gida ba su san farillan alwala ba, ya ce irin wannan karantarwa neman suna ce.

Wannan duka ya faru ne a lokacin da jama'ar Shehu take ƙarama a Degel, kowa ya san kowa, karatu yana gudana daga ɗaki zuwa ɗaki. Hijira zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, da yaƙin Tabkin Kwatto a tsakiyar shekarar, da faɗuwar Alƙalawa a 1808, sun mai da ƙaramar jama'ar malamai masu riƙe da ƙasa mai faɗi. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu, ya tarwatsa garuruwa, ya kuma kawo dubban mata da aka kama daga Gobir da Zamfara da Kabi cikin gidajen sababbin masu mulki da ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno. Bayan yaƙin Gawakuke a 1836, inda Bello ya karya rundunar Gobirawa da abokan ƙawancensu, adadin ya ƙaru.

Yawancin matan nan Hausa kaɗai suke ji. Ba su san Larabcin da ake rubuta littattafai da shi ba, ba su san Fulatancin da gidan Shehu ke magana da shi ba. Suna kuma da abin da suka dogara da shi idan ciwo ya zo, ko haihuwa ta yi wuya, ko zuciya ta ƙuntata, wato bori. A Gobir bori yana da shugaba mai sarauta, Inna, wadda yawanci 'yar gidan sarauta ce, tana da fada da mabiya, maganarta tana da nauyi a wurin sarki. Masu jihadi sun rushe fadar Alƙalawa, amma buƙatar da Inna ke biya wa matan ƙauye tana nan daram. Kuma waɗannan mata su ne masu renon 'ya'yan da za su gaji daular. Doka tana iya hana kiɗan garaya a fili. Abin da uwa ke faɗa wa ɗanta a ɗaki ya fi ƙarfin doka.

'Yar Shehu

An haifi Asma'u a Degel a 1793, tagwaye ce ita da ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, matan Shehu suka rene ta. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya ta yi hijira da ƙafa tare da jama'a, ta ga yunwa da annoba da gudun dare. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi karatun fiƙihu da tauhidi da tasawwufi a gidan da mata malamai ba baƙon abu ba ne. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma wazirinsa. Bayan rasuwar Shehu a 1817, tana cikin waɗanda suka tattara rubuce-rubucensa suka adana.

Matsayinta ya ba ta abubuwa biyu da da wuya su haɗu ga mutum ɗaya. Tana da ilimin da malaman birni ba sa iya rainawa, har tana musayar baitoci da su da Larabci. Tana kuma da ƙofar da babu malami namiji da ke da ita: kowace mace, 'yar sarki ko baiwa, tana iya shiga ɗakinta ta zauna. Daga abin da take ji a wannan ɗaki ta san yadda rayuwar matan karkara take, ta kuma gina tsarinta a kan wannan sani.

Jaji da malfarta

Abu na farko da ta lura da shi shi ne matar aure mai goyo ba za ta bar gida ta yi tafiyar kwana biyu ko uku don karatu ba. Miji ba zai yarda ba, al'ada ba ta yarda ba, aikin gida ma ba zai bari ba. Asma'u ba ta tsaya jayayya da wannan ba. Ta duba waɗanda al'umma ta riga ta sakar wa mara, wato tsofaffi da ƙananan 'yan mata, ta mai da su 'yan aike. Su za su zo birni su ɗauki karatu, su koma su shiga gida-gida su isar da shi ga waɗanda ba sa fita.

Abu na biyu shi ne lokaci. Ayarin yana tasowa ne da rani, lokacin da aikin gona ya kwanta, rafuka sun janye, hanya ta buɗe, kuma akwai ɗan abin hannu da za a riƙo. Karatun bai taɓa yin kishiya da shuka ko noma ko girbi ba.

Abu na uku, wanda ya fi nuna zurfin tunaninta, shi ne shugabanci. A kowane gari ana zaɓar mace mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen garin suka riga suka yarda da ita, a kawo ta gaban Asma'u. Ita za ta ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle, ta sa mata albarka. Daga ranar ta zama jaji. Kalmar ba sabuwa ba ce a kunnen Bahaushe, domin a ayarin fatake jaji shi ne mai shiga gaba, wanda ya san hanya da mashaya da zango. Malfa kuwa, kamar yadda Jean Boyd ta nuna a bincikenta, tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su. Matar ƙauye da ta hango malfa da jan naɗi ba ta buƙatar a yi mata bayani. Ta san mai iko ce ke tafe, wadda ake kai wa kuka. Asma'u ta karɓi tulun da mutane suka saba sha daga gare shi, ta zuba wani ruwa dabam.

Aikin jaji bai tsaya ga koyar da alwala da salla ba. Ita da 'yan tarunta suna sasanta rigimar kishiyoyi da ta ma'aurata, suna yi wa mata wankan gawa bisa ƙa'ida, suna share masallaci, suna duba marasa lafiya da masu jego. Waɗannan su ne lokutan da a da ake neman 'yan bori. Kayan da ayarin ke kawowa birni kuwa sadaka ce, ana rarraba ta ga miskinai da naƙasassu. Ta haka ɗalibar ƙauye ba ta shigo birni hannu rabbana tana roƙon ilimi ba, ta zo ne da abin da birni ke buƙata. Akwai mutunci a cikin wannan musaya, kuma mutuncin yana cikin dalilan da suka sa tsarin ya daɗe.

Asma'u ta san darajar waɗannan mata. Cikin marsiyoyin da ta yi wa manyan daula, har da Bello da mijinta Giɗaɗo, akwai wadda ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, tana yaba yadda take jagorantar mata zuwa wurinta shekara da shekaru. Malamar ƙauye ta samu gurbi a diwani ɗaya da Sarkin Musulmi.

Waƙa a madadin littafi

Babu injin ɗab'i a Sakkwato ta wancan zamani. Takarda daga ƙetaren Sahara ake kawo ta, da tsada, kuma kowane littafi da hannu ake kwafe shi. Ɗaliban Asma'u da yawa ba sa karatu. Saboda haka ta sa manhajarta cikin waƙa mai ma'auni da amsa-amo, wadda mace za ta haddace, ta rera tana daka ko kaɗi ko tafiya rijiya. Ma'aunin waƙa yana tsare lafazi. Idan aka yar da kalma, kunne zai ji gurgunta. Jaji tana riƙe da rubutun ajami, sauran suna riƙe da shi a ka.

Zaɓin harshe a wurinta ya danganta da wanda ake nufi da saƙon. Idan da malamai take magana, Larabci take yi, kamar a Tabshirul Ikhwan na 1839. Idan da danginta da Fulanin jama'a ne, Fulatanci. Idan talakawa ake so su ji, Hausa. A wajejen 1831 ta mayar da waƙar Shehu ta Fulatanci zuwa Hausa, ita ce Tabbat Haƙiƙa, wadda ke jan kunnen masu mulki da alƙalai da 'yan kasuwa a kan zalunci. Ƙaninta Isa ya yi mata tahamisi daga baya, shi ne kuma ya fassara wasu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Abin lura ne cewa gargaɗi ga masu mulki yana cikin abubuwan farko da aka ga ya kamata talaka ya ji da harshensa.

Waƙoƙi biyu sun isa misalin yadda take aiki. Ta farko ita ce wadda ta jera sunayen surorin Alƙur'ani 114 cikin baitoci kimanin talatin, ta yi ta da Fulatanci, ta sake yin ta da Hausa a ƙarshen shekarun 1830. Macen da ta haddace ta ta samu taswirar Littafin gaba ɗaya tun kafin ta iya karanta shi, kuma idan ta zauna gaban allo ba baƙuwa ba ce. Hausar a nan matakala ce zuwa Larabci.

Ta biyu ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Asalinta wani littafin nasiha ne da Bello ya rubuta da Larabci a kan salihan mata na tarihin Musulunci, ya nemi 'yar'uwarsa ta mai da shi waƙa. Asma'u ta kawo matan Annabi da 'ya'yansa, ta kawo irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra, sannan ta sa matan jama'ar Shehu a cikin jerin, waɗanda wasu masu sauraro sun gan su da idonsu ko sun san 'ya'yansu. Matar da ke zaune a wani ƙauye na Rima ta ji cewa silsilar da ta faro daga Madina ta biyo ta Basra ta iso har ƙasarta, kuma ba a rufe ta ba. Haka ta yi da tarihi: waƙarta a kan gwagwarmayar Shehu, wadda Hausarta ta shahara da suna Waƙar Gewaye, tana ambaton garuruwa da filayen daga da masu sauraro suka taka da ƙafarsu.

Ya kamata a faɗi iyakar wannan tsari, domin yabon da ba shi da iyaka ba tarihi ba ne. Manhajar 'Yan Taru ta addini ce da tarbiyya. Ba ta koyar da lissafin kasuwa ko dabarun noma ba. Haddar baka ta fi rubutu yawa a cikinta. Ba kuma don raya al'adun Gobir aka kafa ta ba, an kafa ta ne don ta maye gurbin bori, ta shigar da mutanen da aka ci da yaƙi, wasunsu bayi, cikin tsarin waɗanda suka ci su. Bori ma bai mutu ba, ya ci gaba a ɓoye da sarari, musamman a Maraɗi da kuma Tsibiri, garin da sarautar Inna ta rayu a cikinsa. Darasin da ke ciki ya fi ƙarfi saboda wannan: ko mai niyyar sauya mutane daga tushe, idan yana da hankali, da harshensu da alamominsu da kalandarsu yake zuwa musu.

Asma'u ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta karɓi ragamar, bayanta kuma jikanyar Shehu, Ta Modi. Ayarin bai yanke ba.

Makarantar da ta zo daga waje

Ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Ingila suka ci Sakkwato bayan arangamar Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Turawan sun tarar da ƙasa mai makarantun allo da, a ƙiyasin Lugga kansa, ba su gaza 20,000 ba a faɗin Arewa. Makarantar da babu allo babu zaure, wadda ke tafiya a ƙafafun tsofaffin mata, ba ta shiga lissafinsu ba.

Ba za a ce Turawa sun yi watsi da Hausa ba. Makarantar da Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa. Sai dai an zaɓi haruffan boko a kan ajami, kuma da wannan shawara guda ɗimbin mutanen da ke rubuta wasiƙa da waƙa da lissafin bashi suka wayi gari cikin sahun waɗanda hukuma ke kira jahilai. Makarantar kuma ta 'ya'yan sarakuna da malamai ce, manufarta samar da ma'aikatan En'e. Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta fitar da su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, amma ɗan manomin da ke bayan ganuwa ba da shi aka yi shirin ba.

Karatun 'ya'ya mata ya zo a makare. An buɗe makarantun farko a Kano da Katsina a 1930, aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato a 1939. Turawa mata ne ke koyarwa, darussan sun karkata ga tsabta da ɗinki da renon jariri, ɗalibai kuwa ta hannun sarakuna da hakimai ake samo su, sau da yawa da tilas, har wasu manya suka riƙa tura 'ya'yan barorinsu a madadin nasu. A garin da mace ta rubuta littafi da Larabci shekaru ɗari kafin nan, aka soma karatun mata kamar ba a taɓa yin sa ba. Babu wanda ya nemi jajis ya tambaye su yadda suke shawo kan magidanta. A lokacin kuwa suna nan suna zuwa Hubbare kowane rani. Sai da Jean Boyd, wadda ta zauna a ƙasar Sakkwato tun daga shekarun 1950, ta samu izinin Waziri Junaidu, tattaɓa-kunnen Asma'u, ta duba takardun gidan Giɗaɗo, ta kuma bi ƙauyuka ta zauna da jajis, sannan duniyar boko ta san da su. Littafinta na farko a kan Asma'u ya fito a 1989.

Lokacin da gwamnatin Arewa ta fi kusantar dabarar Asma'u shi ne Yaƙi da Jahilci na farkon shekarun 1950, wanda Malam Ahmadu Kumasi ya yi fice wajen jagorantarsa. An koyar da manya da harshensu, a garinsu, a lokacin da suka tashi daga aiki, ta hannun wani nasu da ya riga su iya karatu, ga kuma ƙananan littattafai da jaridu masu araha daga Zariya. Dattawa da yawa a karkara da wannan karatu suka riƙa karanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai ajujuwa lungu-lungu, amma da tsari guda ga ƙasa baki ɗaya. Har yau zangon ƙarshe na shekarar karatu yana cin karo da shuka da noman fari, zangon farko kuma yana buɗewa daidai lokacin girbin gero. Malamin da aka turo daga birni yana kwana a birni. Uban da ya cire ɗansa daga aji a watan Yuli ba lalle ne maƙiyin ilimi ba ne, mai lissafin abincin shekara ne.

Wani madubi daga nesa

A shekarar da Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, 1804, bayin da suka kori Faransa daga wani tsibiri na yankin Karebiyan suka kafa ƙasar Haiti. Kowane ɗan ƙasar yana jin Kiriyol, harshen da kakanninsu suka ƙera a gonakin rake, 'yan tsiraru ne kawai suka ƙware a Faransanci. Duk da haka, fiye da shekara 170 Faransanci ne harshen aji. Yaron ƙauye yana haddace jimlolin da bai san ma'anarsu ba, ya faɗi jarrabawa, ya koma gona da yaƙinin cewa kansa ne ba ya ja. A 1979 ministan ilimi Joseph Bernard ya kawo gyaran da ya shigar da Kiriyol makaranta, tsarin mulkin 1987 kuma ya ɗaga shi ya zama harshen hukuma tare da Faransanci.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga duk wanda ya san Arewa. Masu hali sun ƙi gyaran, wannan ba abin mamaki ba ne. Amma talakawa da yawa ma sun yi ɗari-ɗari da shi, suna tsoron kada a rufe 'ya'yansu a harshen da ba ya kai mutum ofis, alhali 'ya'yan manya suna can suna shan Faransanci. Tsoron yana da tushe, kuma irinsa ne ke sa direba a Sakkwato ya matse cikinsa ya kai ɗansa makarantar kuɗi inda ake cin tarar mai yin Hausa. Amsar wannan tsoro tana cikin waƙar surorin nan ta Asma'u. Ba ta tsayar da ɗalibanta a Hausa ba, ta bi da su ta cikinta zuwa harshen da ke da daraja a zamaninta. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci tsawon shekara shida ana ba su Ingilishi a matsayin darasi, ya nuna abu guda: yaran ba su baro takwarorinsu a baya ba ko a Ingilishin. Nijar ma ta soma makarantun gwaji masu harshe biyu tun 1973, a Damagaram.

Abin da ke kan faifai

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa ko na yankinsa a shekarun farko na firamare, amma ba a samar da isassun littattafai da malamai ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta faɗaɗa tanadin zuwa shekara shida. A watan Nuwamba na 2025 ministan ilimi ya sanar da soke shi, aka koma Ingilishi daga farko har ƙarshe, bisa hujjar cewa sakamakon jarrabawa ya lalace a yankunan da suka rungumi harshen gida. Masana da dama sun mayar da martani cewa ba a yanke wa manufar da ba a taɓa aiwatar da ita yadda ya kamata ba hukunci. Ana wannan muhawara ne a ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa, kuma 'ya'ya mata na karkara su ne suka fi yawa a cikin waɗanda aka bari.

Ba wanda zai ce a koma haddar waƙa a bar lissafi da kimiyya. Yarinyar Gwadabawa ko Tangaza tana buƙatar Ingilishi da kwamfuta kamar 'yar Abuja. Abin da tarihin 'Yan Taru ke bayarwa shi ne jerin tambayoyin da Asma'u ta yi kafin ta tsara darasi ko ɗaya. Wa mutanen garin nan suka yarda da shi? Wane lokaci ne hannunsu yake sake? Da wane harshe suke tunani? Wace buƙata ce ke kai su wurin wani, wadda makaranta za ta iya biya? Me za su kawo da kansu don kada su zama 'yan karɓa kawai? Makarantun Islamiyya na matan aure da suka cika unguwanni tun daga shekarun 1980, da aikin ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a 1985, sun bunƙasa ne gwargwadon yadda suka amsa waɗannan tambayoyi, yawancinsu ba da kuɗin gwamnati ba. Hukumar ilimin makiyaya da aka kafa a 1989 ita ma amincewa ce da cewa wani lokaci makaranta ce ya kamata ta bi ɗalibi.

A Sakkwato akwai makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai masu ɗauke da sunan Nana Asma'u, haka ma a sauran biranen Arewa. Ɗakinta yana nan a unguwar Giɗaɗawa, kabarinta yana Hubbare, mata daga ƙauyuka suna zuwa ziyara har gobe. Kowace safiya kuma, ta Ƙofar Taramniya da sauran tsofaffin mashigan birni, 'yan mata daga karkara suna shigowa da ƙorai da farantai a ka, a daidai sa'ar da takwarorinsu ke zaune a aji. Kakannin kakanninsu sun bi waɗannan hanyoyi da kaya a ka su ma, suka koma gida da karatu.